Fitilar Tsakar Gidan Inna

Kamitani, watan Yuni, 1991

Shigeharu ƙanena,

Damina ta sauka, kwaɗi sun cika gonakin shinkafa da kuka, wankin da na shanya tun shekaranjiya ko alamar bushewa babu. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, tarin nan kuma ya sake ka. Ni dai ga ni nan, sai ciwon bayan da ka sani. Inna tana cin abinci, in dai awara ce da miya mai ɗumi. Wata rana ta gane ni, wata rana ta ɗauke ni ƙanwarta da ta rasu, ta yini tana mini faɗa wai na sace mata mataji. Goggo Sumako, matar maƙwabcinmu Kawu Nanba, tana shigowa kowace safiya ta zauna da ita har in dawo daga rumfar inabi. Ban da ita da tuni na ajiye aikin.

Maganar fitilarka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da aka gina gidan kallon taurari a kan tudu majalisar gari ta yi doka. Duk fitilar da ke waje sai an sa mata hula, haskenta ya kalli ƙasa, kada ya tsallaka shinge ya faɗa tagar maƙwabci, kuma in goma ta yi a kashe, sai in da lalura. Masu kanti sun yi gunaguni, sun gaji sun bi. Saura mu da wannan da ka ciro daga jirgin ruwanku ka kafa a kan dogon ƙarfe.

Makon jiya wani Malam Ukita ya zo daga ofishin gari. Ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa, ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan jirgin sama ake saukewa da ita?" Na ce ƙanena ne ya kafa saboda matakalar dutse, kada tsohuwa ta faɗi. Ya ce ya fahimta, amma tana mayar da ɗakin kwanan su Kawu Nanba rana tsaka. Na ce su suka kai ƙara? Ya ce a'a, da idonsa ya gani.

Da na tambayi Goggo Sumako sai ta yi dariya, ta ce, "Kayya, 'yar nan, ai tun bara muka rataya bargo a tagar. Tsohon ne dai yake ta juyi, wai zafi." Shige, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ofishin sun ce in mun yarda za su ɗauke babbar su kafa mana ƙarama mai hula. Na ce ba ni na kafa ba, sai na ji daga gare ka.

Akwai kuma wata magana. Wata mata daga ofishin dai, ɓangaren kula da tsofaffi, ta zo ta ce in sa sunan Inna cikin masu jiran gurbi a gidan tsofaffi na bakin kogi. Na ba ta shayi na sallame ta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ka rage taba.

Yayarka,
Kinuko

*

Las Palmas, watan Agusta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna. Takardarki ta daɗe tana jirana a wajen wakilin kamfani, sai jiya da muka shigo tasha na karɓa. Tari ya tafi. Bututun inji ya ƙone ni a damtse, amma ya kame. Kifi bana sai a hankali, muna ta jefa ƙugiya muna jawo ruwa, kowa a jirgin fuskarsa a murtuke.

Kada a taɓa fitilar nan. Kin manta hunturun da Inna ta zame a matakala, muka same ta kwance tana kiran Baba? Taurarin ne za su sauko su ɗaga ta? Mutanen birni su zo da motocinsu su kalli sama su koma, mu kuma tsohuwarmu ta karye a duhu saboda su. Kin ce dokar ta ce sai in da lalura. To wace lalura ce ta wuce wannan? Ki faɗa wa Ukita haka.

Shi kuma Kawu Nanba, ke ce ba ki san shi ba. Tun Baba yana da rai yake jin haushin itacen kanyarmu, wai yana zubar masa da ganye a magudana. Wa kike tsammani ya turo Ukita? Matarsa ta yi miki dariya, shi kuma ya zaga ta baya. In haske ya dame su su ƙara bargo, in babu ni zan aiko musu.

Maganar gidan bakin kogi kuwa, ko a mafarki. Kin san abin da muka faɗa wa Baba a asibiti. Tafiya biyu ta rage mini in sauka gaba ɗaya. Ki ƙara haƙuri.

Na san za ki ce ina nesa ina ba da oda. Amma Yaya, ba na ɗaga Inna, ba na mata wanka, ba na komai. Fitilar nan ce kaɗai abin da na bari a gidan da ke aiki a madadina. In na fito daga ɗakin inji na ga fitilun jirgi, sai in ce tamu ma tana can a kunne. Ki bar mini ita.

Daga nan kudu za mu yi, sai jirgin mai ya riske mu a teku da takardu.

Ƙanenki,
Shigeharu

*

Kamitani, watan Satumba

Shige,

Zafi ya fara sauka, mun shiga tsinkar inabi, hannuwana duk sun yi baƙi. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Ka riƙa shafa wa ƙunar mai, kada ka bar ta ta tsage. Inna lafiya, har ta ɗan yi ƙiba. Ka karanta wannan a zaune, don doguwa ce.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, don kada in ɗora maka. Tun bara Inna ba ta kwana. Da ta farka ta ga farin haske a jikin ƙofar ɗakinta ta takarda sai ta ce gari ya waye, ta tashi ta ɗora shinkafa, wai Baba zai tafi gona. In kwantar da ita, in koma, ta sake tashi. Na ɗauka ciwon mantuwar ne kawai. Da safe in tafi rumfa idona kamar an zuba yashi.

Sai guguwar farkon watan nan ta kayar da turakun lantarki, muka yi 'yan kwanaki babu wuta. Shige, Inna ta yi barci. Barci irin na jarirai, har da minshari. Na tashi da safe na zauna a bakin shimfiɗa ban san abin da zan yi da kaina ba. Ranar da aka dawo da wuta, a daren ta sake ɗora tukunya.

Na gwada kashe fitilar da hannuna. Amma ka haɗa ta da wannan abin da ke kunna ta da kansa in duhu ya yi, ka kuma kai shi can sama inda ba na isa. Na hau tsani, bayana ya riƙe, Kawu Nanba ne ya hango ni ya zo ya sauko da ni. Mutumin da ka ce ya zaga ta baya.

A nan ne ya nuna mini gonarsa. Duk shinkafar ta fitar da kai ta sunkuya, ban da kusurwar da ke jikin shingenmu. Ita tana nan kore shar, tsaye kamar ciyawa. Ya ce, "Shinkafa ma sai ta ga dare take sanin lokaci ya yi. Wannan ba ta san kaka ta zo ba." Na ce me ya hana shi magana tun bara? Ya ce, "Yaro ya kafa wa uwarsa fitila, ni zan je in ce a cire? Kusurwa ɗaya ce, ba ita za ta kashe mu ba."

Don haka na je wurin Malam Ukita na ce su zo. Za su ɗauke babbar, su kafa ƙarama daidai gwiwa a gefen matakala, mai hula, haskenta ruwan ƙwai, iyakarta dutsen da za a taka. Ban sake neman izininka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na kuma zare wayar tarho daga bango. Inna ta koyi bugawa, tana kiran 'yan kwana-kwana tana ce musu yayanta bai dawo daga yaƙi ba. In kana da magana, takarda.

Yayarka,
Kinuko

*

Kati daga gidan waya, watan Oktoba

Shige, ina lafiya, ina fatan kai ma. A tsaye nake rubutu, motar inabi tana jirana. Ranar Talata mutanen ofishin gari suka zo da mota suka ɗauke ta. Ni na sa hannu. Kawu Nanba ne ya taimaka aka sauko da ita. Na san ranka zai ɓaci, amma tun ranar nake barci har safe. Tana can wajensu, sun ce in ka dawo kana so kana iya zuwa ka ɗauko ta. K.

*

A teku, watan Nuwamba

Kinuko,

Lafiyata ƙalau, in har kin damu ki sani. Jirgin mai ya riske mu, aka raba takardu, kowa da ambulan mai kauri, ni aka miƙo mini ɗan kati. Tun ta watan Yuni ban sake ganin rubutunki ba, sai wannan. Layi shida. Uwar da ta haife mu, layi shida, a tsaye, mota tana jiranki.

Na ƙi yarda da idona. Na roƙi kyaftin aka haɗa ni da tarhon gida ta rediyo. Ya yi ta ƙara babu mai ɗauka. Washegari haka, jibi haka. Sai na gane gidan babu kowa da rana, da dare kuma kina barcinki har safe.

Na ce miki ki jira ni. Tafiya biyu na ce. Kin kasa. Lokacin da mijinki ya sallame ki kika dawo da akwati ɗaya, Inna ba ta ce gidanta ya yi kaɗan ba, ba ta kira mota ta zo ta ɗauke ki ba. Yau da ta zama nauyi kin sa hannu. Har kina ce mini in ina so in je in ɗauko ta, sai ka ce laima aka manta a tashar bas.

Shi kuma wancan tsohon, da hannunsa ya sauko da ita matakalar gidan Baba. Dama abin da yake jira ke nan. Yau fitila, gobe tsohuwa, jibi gidan da filin. Na rubuta masa tasa takardar, tana cikin jakar da za ta kawo miki wannan. Na faɗa masa abin da yake, ban rage komai ba.

Ki rubuto mini wane ɗaki aka sa ta, da sunan mai kula da ita. Ki kai mata bargonta mai ruwan toka, ba ta barci sai da shi. Iyakar abin da nake nema a wurinki ke nan.

Shigeharu

*

Kamitani, watan Janairu, 1992

Shigeharu,

Ƙanƙara ta rufe hanyar tudu, bas ba ya hawowa sai da sarƙa a tayoyi. Bayana yana nan yadda yake. Inna tana zaune gabana yanzu haka, ƙafafunta ƙarƙashin teburin ɗumi mai bargo, tana ɓare lemo tana jera ɓawon a kan jarida. Bargonta mai ruwan toka yana kafaɗarta.

Fitila aka ɗauke, Shige. Fitilarka. Na bayyana maka komai a doguwar takarda cikin Satumba, har da dalilin zare tarho. Da alama ba ta same ka ba. Ban ambaci Inna a katin ba don ranar lafiyarta ƙalau, ni kuma ina sauri.

Da na fara karanta takardarka dariya ta kama ni, har Inna ta ce me aka yi. Da na kai maganar akwati sai dariyar ta tsaya. Kuskuren karatu na kowa ne, ban riƙe ka da shi ba. Amma kalaman nan ba a katin ka same su ba. Suna nan cikinka a ajiye, kati buɗe musu ƙofa kawai ya yi.

Wannan tsakanina da kai ne, zan iya haɗiyewa. Ta Kawu Nanba ce ba ta haɗiyuwa. Ranar da tasa takardar ta iso, da yamma ya shigo sanye da kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Bai hau tabarma ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuya, ya ajiye makullin gidanmu da ke wurinsu tun Baba yana asibiti. Ya ce, "Yaron da na ɗora a wuya na kai kallon wasan wuta, yau shi ke kirana ɓarawon fili. Ki riƙe makullinku, kada wani abu ya ɓata a ce mu ne." Na durƙusa na ce kuskure ne, na yi masa bayanin katin. Ya ce, "Na gane, 'yar nan. Amma ni ma yanzu na san yadda ake kallona daga gidan nan."

Tun ranar Goggo Sumako ba ta shigo ba. Na gan ta a kanti, ta kama hannuna tana hawaye, ta ce tsohon ya rantse. Babu mai zama da Inna, don haka na ajiye aikin rumfa. Yanzu daga ni sai ita, safe da yamma, ba na jin muryar wani babba sai ta mai kawo awara. Inna takan tambaya, "Ina matar nan mai dariya?" In ce tana zuwa.

Ƙaramar fitilar tana aiki, ko sau ɗaya Inna ba ta yi tuntuɓe ba. Gidan Nanba sun cire bargon daga taga. Taga dai ta buɗe, ƙofa ta rufe.

Yanzu ka karanta wannan a hankali, zan rubuta ɓaro-ɓaro. Makon jiya na je ofishin gari, ɓangaren tsofaffi, na sa sunan Inna cikin masu jiran gurbi a gidan bakin kogi. Inna nake nufi, uwarmu, Kasahara Toyo. Abin da ka zage ni a kansa ban yi ba, yanzu na yi. Ba don in rama ba ne. Mutum ɗaya ba ya iyawa, wadda take kama mini kuma ka kore ta daga tsakiyar teku.

Kinuko

*

Cape Town, watan Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Jikina lafiya. Mun shigo tasha shekaranjiya, wakili ya miƙo mini takardu biyu, ta Janairu da ta Satumba. Ta Satumbar Las Palmas aka kai ta bayan mun tashi, ta yi ta yawo har ta iso nan, ambulan duk hatimi. Ita na fara buɗewa. Ina kai inda kika hau tsani na san abin da na aikata, tun kafin in taɓa ɗayar.

Na yini a bakin tasha a zaune. Abokan aiki sun tafi gari, suka dawo suka same ni a wurin. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ba zan ɓuya a bayansa ba. Maganar akwati, ba ni da bakin da zan ce ki manta. Shekara guda fitilata tana hana ku barci, ku da maƙwabta har da shinkafa, ni kuma ina nan ina jin daɗin na yi wa Inna abin kirki.

Ga takarda a ciki zuwa ga Kawu Nanba. Ban liƙe ba, ki karanta, in ba ta yi ba ki yaga.

Na faɗa wa kyaftin ba zan yi tafiya ta biyun ba. Ya yi faɗa, ya ce a shekaruna wa zai ɗauke ni aiki a tudu. Ban sani ba. Cikin Afrilu zan hau jirgin sama. Ina roƙonki ki janye sunan Inna har in iso.

Ƙanenki,
Shige

*

Kamitani, watan Maris

Shige,

Ƙanƙara ta narke, hanya duk taɓo. Inna ta yi mura amma ta warware. Ni kuma likita ya ba ni ɗamarar baya, ya ce in daina ɗaga abu mai nauyi. Na ce to.

Na kai wa Kawu Nanba takardarka. Yana gyaran kunyar gona, ya goge hannu ya karanta a tsaye, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Takarda ce ta ɓata, ba takarda ce za ta gyara ba. Ya zo da ƙafarsa." Ka ji. Zumunci a ƙafa yake. Goggo Sumako har yanzu ba ta shigowa, amma shekaranjiya na tarar da kwanon dafaffen kabewa a kan shinge, an rufe da ƙyalle. Na mayar da kwanon da busasshiyar kanya. Iyakar inda muka kai ke nan.

Sunan Inna ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Sun ce wataƙila gurbi ya samu cikin damina. Kafin nan ga abin da za a yi. Ranar da ka iso zan nuna maka yadda ake mata wanka, da yadda ake canza mata shimfiɗa ba tare da ta ji kunya ba, da inda nake ɓoye ashana. Washegari zan hau bas. Wata ƙawata a Onomichi tana da ɗaki babu kowa a ciki. Zan yi wata guda a can. Kai da Inna, ku biyu. In na dawo sai mu zauna ka faɗa mini ra'ayinka a kan gidan bakin kogi, ni kuma zan saurare ka, don a lokacin ka san abin da kake magana a kai.

Ba ta cin abu mai sanyi. Ba ta son a tsaya mata a baya. In ta kira ka da sunan Baba ka amsa, kada ka gyara mata, kuka take yi.

Zan bar maka adireshin inda nake saboda larura. In ba larura ba ce, kada ka rubuto.

Yayarka,
Kinuko